Mai Makulli Ɗaya a Unguwa Takwas

Yaushe rabon da makullinka ya ɓata ka tambayi maƙwabci inda za ka samu mai gyara? Yanzu waya muke zarowa, mu rubuta abin da muke nema, mu kira lambar da ta fito a sama. To, ka taɓa tambayar kanka wane ne ya dasa alamar nan a taswira, ko ma akwai shago a wurin da ta nuna?

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Mai Makulli. Shagonsa yana ƙarshen wani lungu, tsakanin mai walda da mai ɗinkin kujerun mota. Ɗaki ne ƙarami, da tebur ɗaya, da injin yanka makulli, da kwaɗuna rataye a ƙusoshi. Shekara talatin da biyu ya yi a wurin.

Abin da ya fi alfahari da shi wani akwatin ƙarfe ne a ƙarƙashin teburin. A ciki akwai makullan ajiya na mutane: na gidaje, na shaguna, na wata makaranta, na wani ɗakin shan magani. Masu su ne suka kawo da kansu, don idan nasu ya ɓata su zo su karɓa. Ba a rubuta sunan kowa a jiki ba. Zare mai launi ne kawai a ɗaure, kuma Baba kaɗai ya san na wane da na wane.

Sana'ar makulli da yarda ake yin ta. Mutum ne zai buɗe maka ƙofar ɗakin barcinsa ya juya baya. Sunan da Baba ya yi a wannan shekarun shi ne jarinsa duka.

Sai dai suna bai hana kasuwa ja da baya ba. Tsofaffin abokan hulɗa wasu sun rasu, wasu sun tashi. Sababbin da suka cika garin ba sa tambayar kowa, waya suke tambaya. Akwai ranar da Baba zai wuni bai kunna injin ba, har ya fara cewa idan shekara ta ƙare a haka zai rufe ya zauna a gida.

A lokacin ne autarsa ta gama jami'a ta dawo. Kwamfuta ta karanta, kuma kanta yana ja sosai. Gida ana ce mata Auta, 'yan lungu kuma Farfesa.

Ranar da ta kai masa abinci shago, ta zauna ta rubuta "mai makulli kusa da ni" a wayarta. Ta duba har ƙasa, sannan ta ɗago.

"Baba, kai fa babu kai a duniya."

"To wa ke zaune a kujerar nan?"

"A waya nake nufi. Ga ni cikin shagonka, amma wayar tana tura ni wani wuri mai nisan kilomita huɗu."

Mai walda ya leƙo da tabarau a goshi. "Farfesa, idan za a saka shi a saka ni, amma a rage min shekaru a hoton."

Bari in ɗan yi bayani ga wanda bai saba ba. Idan ka nemi mai sana'a a waya, injin bincike yana duba abin da shagon ya ce yana yi, da kusancinsa da kai, da abin da mutane suka rubuta a kansa. Gyara waɗannan don shago ya fito a sahun farko shi ne abin da masu harkar ke kira SEO. Aiki ne mai kyau, kuma ƙaramin ɗan kasuwa ya fi kowa buƙatarsa.

Auta ta fara da kyau. Ta buɗe wa Baba shafi, ta dasa alama daidai ƙofar shagon, ta sa hotunan injin da na Baba yana aiki, ta rubuta lokacin buɗewa da na tashi. Ta kuma yi alkawari a gaban Umma da yayyenta cewa nan da wata guda waya ba za ta bar shi ya huta ba.

Wata ya cika, kira huɗu kawai aka samu. Babban yayanta ya fara tsokanarta a gida. "Farfesa, wayar ta huta ko har yanzu tana hutawa?"

Abin ya tsaya mata a rai. Ta zauna ta yi nazari, ta gane inda matsalar take: shagon yana gefen gari, injin kuma na kusa yake fara nunawa. Duk wanda ke tsakiyar gari ba zai taɓa ganin Baba ba.

Sai dabara ta zo mata. Ta buɗe sababbin shafuka bakwai da sunaye daban-daban, ta dasa kowanne a wata unguwa. Ɗaya a bayan wani kanti, ɗaya a bakin wata mahaɗa, ɗaya ma a kan kango. A ƙarƙashin kowanne ta rubuta: "Muna isowa cikin minti goma." Lambobin duka suna shigowa wayoyi biyu da ke hannunta.

Ba ta gaya wa Baba ba.

Cikin mako biyu aiki ya buɗe. Baba ya wanke tsohon babur ɗinsa, ya ɗaura akwatin kayan aiki a baya, yana fita tun safe. Auta ta kafa kujera a shagon tana amsa kira tana jera sunaye a takarda. Mai walda ya koma gaishe shi da "ranka ya daɗe, shugaban kamfani."

Amma Baba yakan dawo da damuwa a fuska.

"Auta, yau ma wani ya tare ni da faɗa. Ya ce wayarsa ta nuna ina bayan layinsu, me ya sa na yi awa guda. Na ce masa ni ban taɓa zama a unguwar ba."

"Taswira takan yi kuskure, Baba. Kada ka damu."

Ya dube ta ɗan lokaci, ya ce to, ya ci gaba da shafa man zafi a gwiwarsa.

Umma ce ta fara kama ta. Wata safiya ta ji Auta tana cewa a waya, "Yana hanya, ya kusa," alhali Baba yana tsakar gida yana neman takalminsa.

"Wace hanya yake kai? Ga shi can ƙafa ɗaya babu takalmi."

"Umma, haka ake yi. Idan na ce awa guda wani za su kira."

"To su kira wanin mana. Ke da bakinki kike ƙarya, amma fuskarsa ce ke zuwa ƙofar mutane."

Auta ta yi dariya ta ce Umma ba ta san kasuwancin zamani ba.

Bayan kwana biyu wani mutum ya zo shagon lokacin da Baba ya fita. Dogo ake ce masa, shi ma mai makulli ne, kuma tare suka koyi aiki da Baba a hannun ubangida ɗaya. Shagonsa yana can ɗaya gefen garin, kusa da wani babban kanti.

Ya zauna a bencin ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "'Yata, ɗana ya nuna min wani abu a waya. An dasa shagon makulli a kan bishiyar da ke ƙofar shagona. Da na kira lambar, muryarki na ji."

"Kawu, ai kasuwa ce."

"Jiya wani ya tsaya a gabana, bayansa yana jingine da allona, yana kiranku. Ya jira babanki minti arba'in ina zaune ina kallonsa."

"Zamani ne ya zo da haka, Kawu. Wanda bai iya ba sai ya koya."

Dogo ya mayar da hularsa. "Ba zan kai ƙararki wurin mahaifinki ba, kunyarsa nake ji. Amma ki sani, mai kiran mai makulli ba don nishaɗi yake kira ba. Wani tukunya ya bari a wuta."

Bayan ya fita ta taɓe baki. A ranta ta ce hassada ce kawai.

Ranar da abin ya faru, wajen ƙarfe ɗaya ne na rana, ana zafi mai tsanani. Baba yana shago yana yanka wa wani direba makulli, injin yana ƙara. Auta tana magana a waya ɗaya sai ɗayar ta yi ƙara. Ta kara ta a ɗaya kunnen.

Muryar mace ce, tana magana da sauri. "Don Allah ina gaban babban kanti, motata ta kulle kanta, makullin yana ciki, kuma..."

"An gane, Hajiya. Yana hanya, minti goma." Auta ta kashe, ta rubuta ta a layi na uku, ta koma kan kiran farko.

Bayan minti goma sha biyu wayar ta sake ƙara. Wannan karon matar kuka take yi.

"Ina yake? Kun ce kuna nan kusa, ga alamarku ina gani a ƙarshen layi. Har yanzu ban ga kowa ba. 'Yata tana ciki. Ɗazu tana kuka, yanzu ta daina."

Auta ta miƙe tsaye. Bakinta ya buɗe da abin da ya saba, "Ya ku..." sai maganar ta maƙale. Daga shagon zuwa kantin nan tafiyar minti arba'in ce, idan hanya ta yi kyau.

Baba ya ga fuskarta, ya kashe injin. "Mene ne?"

"Jaririya ce a mota, Baba. A babban kanti. Tun ɗazu."

Ya karɓi wayar. "Baiwar Allah, saurare ni. Ni ne mai makullin, kuma ina da nisa, ba zan iso a kan lokaci ba. Kada ki jira ni. A fasa gilashi yanzu, na gefen da ya fi nesa da yarinyar."

"Na buga da takalmi ya ƙi. Mutane sun taru amma kowa yana tsoron fasa motar wani. An ce min kuna zuwa, ga alamarku a ƙarshen layi."

"Ki riƙe wayar, kada ki kashe."

Ya ɗauki tasa tsohuwar wayar da ɗaya hannun, ya danna lamba ba tare da ya duba ba. "Dogo, bar abin da kake yi. Gaban kanti, mota, jaririya a ciki. Ɗauki ƙarfe mai tsini."

Minti uku Dogo ya yi. Ta cikin wayar suka ji muryarsa yana cewa a matsa, sannan ƙarar gilashi. Shi ya san a kusurwa ake bugu, ba a tsakiya ba. Sai hayaniya, sai muryar matar tana kiran yarinyar tana maimaitawa. Daga nan layin ya yanke.

Direban da ke jiran makullinsa ya ajiye maganar aikinsa, ya ce su shiga motarsa ya kai su.

A hanya Baba bai kalli Auta ba. Tambaya ɗaya ya yi. "Me ya sa ta ce tana ganin alamarmu a ƙarshen layi?"

Nan ta faɗa masa komai. Shafuka bakwai, sunaye bakwai, minti goma, zuwan Dogo. Baba ya juya fuskarsa wajen taga har suka isa.

A asibiti suka tarar da Dogo a baranda, hannunsa naɗe da bandeji. Yarinyar ba ta kai shekara ba. An saka mata ƙarin ruwa, ta farfaɗo, amma likita ya ce za a riƙe ta kwana biyu a ga yadda jikinta zai yi. Ya kuma ce da an ƙara 'yan mintoci da labarin ya sha bamban.

Mijin matar ya fito daga ɗakin, idanunsa jajur. Ya nuna wa Baba fuskar wayarsa.

"Malam, kai ne mai wannan shagon?"

"Babu shago a wurin. Amma ni ne ake turawa."

"Akwai mai makulli a bayan kantin nan, tafiyar minti uku. Matata ba ta neme shi ba saboda ku kuka fito a sama. Ta tsaya tana kallon 'yarta ta gilashi saboda an ce mata minti goma. Dattijo kamarka."

Auta ta matso. "Yallaɓai, bai sani ba. Ni ce na..."

Baba ya ɗaga mata hannu. "Da aikina aka yi, kuma na ga alamu ban bincika ba saboda aiki yana shigowa. Ba ni da abin da zan ce maka sai haƙuri."

"Haƙurin ka riƙe abinka," in ji mutumin, ya koma ciki.

Washegari ya rubuta abin da ya faru a shafin shagon Baba na gaskiya, da hotunan alamomin ƙaryar guda bakwai. Bai ƙara gishiri ba, bai yi zagi ba. Mutane suka yi ta yaɗawa. Waɗanda Baba ya taɓa ɓata wa lokaci suka fito kowa da nasa labarin. Aka kai ƙorafi, aka goge shafukan ƙaryar, aka dakatar da na gaskiyar ma.

Wayoyin Auta biyu suka yi shiru.

Abin da ya fi ciwo a hankali ya zo. Shugaban makarantar nan ya aiko a karɓar masa makullansu na ajiya. Mai ɗakin shan magani ya zo da kansa, ya yi ta kame-kame yana cewa gyara za su yi. Wata tsohuwa da ta ajiye makullin gidanta shekara goma sha tara ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba.

"Yarana ne suka matsa, Malam. Sun ce wanda zai ce yana inda ba ya nan..."

Baba ya buɗe akwatin, ya zaro mai koren zare, ya miƙa mata da hannu biyu. "Sun yi daidai, Hajiya. Allah ya tsare."

Auta tana zaune a kusurwa tana gani. Ko mai walda ya daina wasa. Idan ya shigo sai ya gaisa a hankali ya fita.

Kwana tara Baba bai yi mata maganar ba. Yana amsa gaisuwarta, yana cin abincin da ta kawo, shi ke nan. Ta gaya wa Umma da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Umma ta ce, "Ba ki da zaɓi a wannan, ki jira shi."

Auta da kanta ta hau mota ta je wurin Dogo. Ta durƙusa a ƙofar shagon ta ba shi haƙuri. Ya ce ta tashi, mutane suna kallo. Ta roƙe shi ya bar ta ta buɗe masa shafi, na gaskiya, a daidai ƙofarsa.

"A kan bishiyar ko a kan shagon?" ya tambaya.

"A kan shagon, Kawu."

Dawo da shafin Baba ya ɗauki wata biyu. Sai da ta ɗauki bidiyon lungun, da allon shagon, da Baba yana buɗe ƙofa da makullinsa, don a tabbatar wurin yana nan. Ranar da aka dawo da shi, abin da ya fara fitowa a sama shi ne rubutun mahaifin yarinyar, da tauraro ɗaya cikin biyar, mafi ƙarancin makin da ake ba shago.

Ta kai wa Baba wayar. "Akwai hanya, Baba. Zan iya rufe wannan in buɗe sabo da wani suna. Babu wanda zai ga rubutun."

Ya sa tabarau ya karanta tun daga farko har ƙarshe, a hankali, leɓɓansa suna motsi.

"Akwai ƙarya a ciki?"

"Babu."

"To bar shi. Ana iya ba da amsa a ƙasa?"

"Ana iya."

"Rubuta." Ya cire tabarau. "Abin da wannan bawan Allah ya faɗa gaskiya ne. Shagona ɗaya ne, yana inda alamar nan ta nuna. Ni kaɗai ne, da babur ɗaya. Idan kana nesa zan faɗa maka kana nesa. Idan rai ne a ciki, kada ka jira ni, ka fasa."

Auta ta rubuta, hawaye yana ɗiga a kan gilashin wayar. "Baba, duk wanda ya nemo ka wannan zai fara gani."

"Na sani. Tura."

Ta tura.

Ba zan ce muku komai ya dawo ba, don bai dawo ba. Makarantar ba ta dawo da makullanta ba, tsohuwar ma haka. Mahaifin yarinyar bai goge rubutunsa ba, bai kuma ce ya yafe ba. Kira yana shigowa kaɗan-kaɗan daga unguwannin kusa, wanda ya ishi Baba ya fasa rufe shago. Daga cikin masu zuwa akwai waɗanda ke cewa amsar nan suka karanta suka zo. Akwai kuma waɗanda suka karanta rubutun da ke samanta suka wuce, kuma Baba ya ce hakkinsu ne.

Darasi: Ka saka sana'arka a waya, ka gyara shafinka, ka nemi sahun farko, wannan duk daidai ne. Amma duk abin da ka rubuta a can alkawari ne ga mutumin da ba ka gani, kuma zai yanke shawara a kansa lokacin da yake cikin matsi. Kada ka dasa alama inda ba ka nan, kada ka rubuta lokacin da ba za ka iya cikawa ba. Mu kuma da muke taimaka wa iyayenmu da ilimin zamani, mu tuna sunansu muke riƙe da shi, kuma sun fi mu sanin wahalar da aka sha kafin a same shi. Yau ɗin nan ka buɗe shafin shagonka ko na gidanku, ka duba adireshi da lokaci da kowace kalma, ka goge abin da ba gaskiya ba. Sannan ka tura wannan labari ga mai ƙaramar sana'a guda ɗaya da ka sani, da wanda ke kula masa da shafinsa.